Kafin Ka Sayi Tsohuwar Cadillac, Lincoln ko Imperial: Daga Zaɓe Har Riƙo

Shekara shida ke nan wata Cadillac Sedan de Ville ƙirar 1970 tana kwana a garejina a jihar Ohio. Tsawonta mita 5.7, nauyinta ya haura tan biyu, kuma da wuya in shiga gidan mai da ita wani dattijo bai matso ya ce mahaifinsa ya taɓa riƙe irinta ba. Ba ita ce tsohuwar mota ta farko da na saya ba. Ta farkon da ido na saye ta: fenti yana ɗaukar ido, inji yana kaɗawa lafiya lau. Bayan wata uku muka ɗaga ledar da aka lulluɓe rufinta da ita, muka tarar tsatsa ta cinye gindin gilashin baya har yatsa yana nutsewa. Kuɗin gyaran ya ɗara kuɗin motar.

Tun daga ranar na riƙe abu guda: a irin waɗannan motoci bodi ake saye, inji biyo baya ne. Manyan injinan V8 na wancan zamani ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta, duk bakaniken da ke da haƙuri zai tashe su. Amma ƙarfen da tsatsa ta ci, da kayan adon da aka daina ƙerawa shekara hamsin, su ne ke karya mutum.

Mataki na farko: san gidajen uku

Cadillac da Lincoln kakansu ɗaya. Henry Leland na cikin waɗanda suka kafa Cadillac a Detroit a 1902, General Motors ya saye ta a 1909. Shi dai Leland ɗin ya kafa Lincoln a 1917, Ford ya karɓe ta a 1922. Imperial kuwa ta gidan Chrysler ce, ta tsaya da sunanta ita kaɗai daga 1955 zuwa 1975.

Ga lissafin da ya fi kowane muhimmanci ga mai saye. A 1966 Cadillac ta ƙera motoci kusan 200,000, Lincoln 50,000 da 'yan kai, Imperial ba ta kai 15,000 ba. Yawan da aka yi jiya shi ne yawan kayan gyaran da za ka samu yau. Fitilar baya ta Cadillac, kira ɗaya za ka yi a turo maka. Ta Imperial kana iya shekara kana cigiya.

Cadillac daga 1965 zuwa 1970 ita nake nuna wa duk wanda zai fara. Bodinta a kan shasi daban yake zaune, giyabos ɗinta Turbo Hydra-Matic 400 ne, wanda har gobe kowane garejin giya a Amurka ya san cikinsa. Injin 429, wato lita 7, ya kai har 1967. Daga 1968 aka koma 472, lita 7.7, mai ƙarfin doki 375. Tuƙinta taushi gare shi, kamar kana zaune a kwalekwale ruwa ya kwanta. Ta 1959 mai dogayen fikafikai a baya ita ce kowa ya sani a hoto, amma farashinta ya daɗe da barin hannun mai farawa, musamman Eldorado Biarritz da aka yi guda 1,320 kacal. Eldorado ta 1967 zuwa sama tayoyin gaba ke janta, a 1970 aka sa mata injin 500, lita 8.2. Mota ce kyakkyawa ƙwarai, sai dai kayan ƙafarta na gaba ba irin na sauran motocin Cadillac ba ne.

Lincoln Continental ta 1961 zuwa 1969, mai ƙofofin baya da ke buɗewa ta baya, a wurina babu motar Amurka da ta kai ta kyan tsari. Elwood Engel ya jagoranci zanenta, a Wixom ta jihar Michigan aka ƙera ta, kuma a cikin ƙirar 1961 da aka tsawaita aka harbe Shugaba Kennedy a Dallas a 1963. Amma kyan nan da nauyinsa. Ba ta da shasi daban, bodin shi ne ƙashinta, don haka tsatsa a jikinta ba muni kawai ba ce, karaya ce. Famfon man sitiyarinta a bakin injin yake, ba fanbel ke juya shi ba, kuma da matsin man nan waifa take aiki. Mai buɗaɗɗen rufi, wadda aka yi har 1967, jerin makunnan lantarki ne ke buɗe but, su naɗe rufin, su mayar, ɗaya bayan ɗaya. Guda ya ƙi, komai ya tsaya a rabi. In ba ka da riwayan da ya san ta, ka haƙura da ita tukuna. Mai son Lincoln ba tare da wannan ɗawainiyar ba, ya duba Mark III ta 1969 zuwa 1971, ko Mark V ta 1977 zuwa 1979. Da yawansu injin 460 ne da giyabos C6, waɗanda Ford ya yi ta sawa a manyan motocin kaya, shi ya sa kayansu suke ko'ina.

Imperial ta mai son tuƙi ce. Ta fi sauran biyun riƙe hanya a kwana, saboda tun 1957 sandunan ƙarfe masu murɗawa ke ɗauke da gabanta a madadin sifirin. Injin 413, daga baya 440 tun 1966, da giyabos TorqueFlite, ba su da na biyu wajen juriya. Har 1964 ma da maɓalli ake sa mata giya. Ƙarfin shasinta ya kai inda wuraren gasar karo da motoci da dama suka hana shiga da ita. Matsalarta dai ita ce wadda na faɗa: abin da ya ɓace ya ɓace. Kada ka sayi Imperial da aka ce "ɗan ado kaɗan ne babu".

Mataki na biyu: zaɓi shekara

Wasu shekaru iyakoki ne. Kafin 1967 motocin Amurka da yawa layin birki guda gare su, in ya fashe duka ƙafa huɗu sun tafi. Cadillac ta raba shi biyu tun 1962. Lincoln ta samu birkin faifai a gaba daga 1965, Cadillac ta mai da shi na kowa a 1969. A mota mai tan biyu da ɗoriya, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Injinan 1970 zuwa ƙasa matsinsu sama yake, fetur mai tsada suke so, lamba 91 ko 93 a famfon Amurka. Daga 1971 aka fara sassauta matsin domin fetur marar dalma, sai suka koma shan na kowa, ƙarfi kuma ya ragu. In ka ga injin 500 an rubuta masa doki 400 a 1970, a 1976 kuma 190, kada ka firgita duka. Ƙarfin ya ragu da gaske, amma ma'aunin ma an sauya shi a 1972. Motocin tsakiyar shekarun 1970 sun fi araha, sun fi shiru, sai dai robar da ke cike tsakanin bamba da bodi tana bushewa ta farfashe. Akwai sabuwa a kasuwa, ka sa kuɗinta da na fentinta a lissafi.

A farkon shekarun 1980 sai a yi hattara. Injin Cadillac na 1981 mai kashe wasu silindodi da kansa, da HT4100 da ya biyo shi a 1982, da na gas ɗin da aka aro daga Oldsmobile, duk ba su bar suna mai kyau ba.

Sannan siffar bodi. Mai buɗaɗɗen rufi ta fi tsada, mai ƙofa biyu ta bi mata, mai ƙofa huɗu ta fi araha nesa ba kusa ba, alhali inji ɗaya ne, kujeru ɗaya ne. Da ka sayi buɗaɗɗiya ruɓaɓɓiya, gara mai ƙofa huɗu lafiyayya.

Mataki na uku: awo da lissafi

Ɗauki tef ka auna garejinka kafin ka kalli ko hoto ɗaya. Garejin gidajen Amurka da yawa zurfinsa ƙafa 20 ne, wajen mita 6.1. Cadillac Fleetwood Brougham ta 1976 mita 5.9 ce da ɗoriya. Barin irin wannan mota a waje kuwa, ruwa da ƙanƙara suna dukanta, kashe ta ne a hankali.

Mai fa? Lita ɗaya kilomita 4 zuwa 5 za ta kai ka, tankin kuma yana cin kusan lita 100. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Don sanin farashi, duba ma'aunin Hagerty, kamfanin inshorar tsofaffin motoci, wanda ya kasa motoci daraja huɗu: ta 1 ita ce ta nuni, ta 4 ita ce mai tafiya da aibobinta. Ta 3 mai kyau ita ce ta mai son hawa. Ka kwatanta da abin da aka sayar da gaske a shafin gwanjon intanet na Bring a Trailer ko gwanjon Mecum, ba abin da masu talla suke nema ba. A gwanjo akwai la'adar da ke hawa kan mai saye, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ni shawarata, ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka kada ka taɓa, na gyaran shekarar farko ne.

Mataki na huɗu: inda za ka nema

Asalin mota ya fi inda take yau muhimmanci. A Michigan, Ohio, New York da maƙwabtansu gishiri ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan shi ne ajalin ƙarfe. Motar Arizona ko California rana za ta ƙona mata fenti, ta tsattsaga dashbod, amma ƙarfenta garau. Ta biyun ita ake so. Tallan Hemmings, mujallar tsofaffin motoci, wuri ne mai kyau, amma na fi yarda da ƙungiyoyin masu motocin, irin su Cadillac & LaSalle Club da Lincoln and Continental Owners Club. A can mota tana da tarihi, mutane sun san ta, sun san wanda ya riƙe ta. Ka shiga ƙungiyar tun kafin ka saya.

Mataki na biyar: dubawa

Nan ne aikin yake, kuma gani ya kori ji. Ka tafi da tocila, da ƙaramin maganaɗisu naɗe a ƙyalle, da sukundireba, da kayan da ba ka jin kwanciya a ƙasa da su. Ka roƙi mai motar kada ya tashe ta kafin ka iso. Da isarka ka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, ka tambayi dalili.

Fara da bodi, da rana, ba a inuwa ba. Bi da maganaɗisun ta ƙasan ƙofofi, da bayan tayoyin gaba, da kewayen na baya. Inda ya ƙi kamawa, bodi fila ce aka cusa aka shafe da fenti. In rufin na leda ne, bi gefen gilashin baya da tafin hannu a hankali. Duk inda ka ji ƙuraje a ƙarƙashi, ko ka danna ka ji ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye, to abin da ya same ni ne yake jiranka. Buɗe but, ɗaga shimfiɗar, fitar da safaya taya, haska kusurwoyi. Ɗaga kafet ɗin gaba ka taɓa, danshi alama ce ruwa yana shiga ta gindin gilashi. Sai ka kwanta ka bi shasin da sukundireba, musamman inda ya lanƙwasa ya haye tayoyin baya. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa shiru, yana zubo da ɓawo. A Continental ka buɗe ƙofofin huɗu ka rufe ɗaya-ɗaya. In sai an ɗaga ƙofa kafin ta shiga, ko tazarar sama ta fi ta ƙasa, jikin ya fara saki. Ka yi sallama ka tafi, komai arahar ta.

Sai ado. Ka ƙirga duk wani ƙarfe mai sheƙi, da rubutun suna, da murfin taya, da fitilu. Sake wanke bamba da kurom dubban daloli ne, ƙananan kayan adon da suka yi zanzana kuma sau da yawa ba sa gyaruwa. Haka kujeru: yadin Fleetwood na asali ko fatar Lincoln, ɗinka su yadda suke ya fi gyaran inji tsada.

Yanzu ka zauna ka danna komai. Kowane gilashi daga kowane maɓalli, kujera gaba da baya da sama, makullan ƙofa, eriya, agogo, fitilun da ke ɓuya. Tun 1964 Cadillac take da na'urar da ke daidaita sanyi da ɗumi da kanta, kuma ita da ire-irenta da siraran tiyoyin roba masu aiki da zuƙar iskar inji suke tafiya. Roba ta shekara hamsin, ka san halinta. Kalmar da za ka fi ji ita ce "esi ɗin gas kawai yake so". Gas ɗin da aka yi su da shi, R-12, an daina yin sa, mayarwa zuwa R-134a kuma aiki ne na gaske. Ka ɗauka ba ya yi, ka rage kuɗinsa.

Inji shi ne na ƙarshe. Zaro ma'aunin baƙin mai: in ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Man giya ja ya kamata ya kasance, ba ruwan ƙasa mai ƙaurin ƙuna ba. A tashe ta kana tsaye a bayanta. Ɗan hayaƙi na daƙiƙa kaɗan ba komai, shuɗin da ya ƙi ɗaukewa mai take ci. Ka tuƙa ta aƙalla rabin sa'a, a cikin gari da babban titi, ka taka birki da ƙarfi ka ga ko tana ja gefe, sannan ka bar ta tana kaɗawa a tsaye minti goma ka ga ko za ta yi zafi. Mitar tafiyarsu lamba biyar ce, tana kaiwa mil 99,999 ta koma sifili. Abin da zai gaya maka gaskiya shi ne robar da ke kan fedar birki, da kujerar direba, da rasitan gyara.

In ba za ka iya zuwa ba, ka biya mai duba tsofaffin motoci wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa. 'Yan ɗaruruwan daloli ne. Kada ka tura kafin alƙalami a kan hoto.

Mataki na shida: takardu

Lambar shasin da ke jikin mota ta zo daidai da ta takardar mallaka, harafi da harafi, kuma sunan da ke takardar ya zama na wanda ke karɓar kuɗinka. Lamba mai alama 17 daga 1981 ta fara, don haka kamfanonin binciken tarihin mota ba su da labarin waɗanda suka girmi haka. Lincoln ta 1967 zuwa sama ana iya nema mata rahoton Marti, ya nuna kala da kayan da ta fito da su daga masana'anta. Wasu jihohi ba sa ba tsohuwar mota takardar mallaka, sai shaidar ciniki da rajista, don haka ka tambayi ofishin motoci na jiharka abin da zai karɓa tun kafin ka biya. Inshora kuma ka nemi ta tsofaffin motoci, wadda ake yarjejeniya a kan darajar motar tun farko. Yawanci za su nemi kana da gareji da wata motar ta yau da kullum.

Mataki na bakwai: watan farko

Zuciya za ta ce fenti. Ka ce mata ta jira. Taya tukuna: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefenta mako ne da shekara, 2316 na nufin mako na 23 a 2016. In ta kai shekara goma a cire, ko zanenta bai taɓu ba. Mai Imperial ya lura, har wajen 1970 notocin tayoyin hagu a motocin Chrysler baibai ake kwance su. An karya da yawa saboda rashin sanin haka.

Sai birki gaba ɗaya, tiyoyi da man. Sai tiyoyin fetur, domin fetur ɗin Amurka na yau yana ɗauke da sinadarin etanol kashi 10, yana cin tsohuwar roba da kayan cikin kafireto, kuma ta nan gobara take tashi. A wanke lagireto, a sake tiyoyin ruwa da fanbel. Akwai kuma abu guda da ba a gani: injinan Cadillac da Lincoln da yawa na lokacin, haƙoran gilar sarkar taimin ɗinsu da roba aka lulluɓe don rage ƙara. Tsufa yana sa su karye, su faɗa cikin baƙin mai, su toshe rariyar famfo. In babu rasitin da ya nuna an sauya, ka sauya da ta ƙarfe. Baƙin mai ka nemi mai yawan zinki, wanda ake yi wa tsofaffin injina. Ka sayi littafin gyara na masana'anta na shekararta, ka ajiye abin kashe gobara a inda hannunka zai kai daga kujera.

Dattijon bakaniken da ke duba mini tawa, wanda ya fara aiki tun waɗannan motoci suna sababbi, abu ɗaya yake nanata mini: a hau ta. Zama yana busar da robobi, ya daskarar da birki. Ko sau biyu a wata ka fita da ita har ta yi ɗumi sosai. Da hunturu ka cika tanki, ka zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, ka cire kan batir, ka sa tarkon ɓera, don wayoyi da audugar kujera suke bi.

In gida za ka kai ta

Wani ƙanena ya taɓa zama a bayan tawa, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Yaya, wannan ai Kano ta dace da ita." Na ce masa ta dace, amma da sharuɗɗa. Sitiyarin hagu ne, ya yi daidai da titin Najeriya da Nijar. Sai dai Najeriya tana da dokar da ta ƙayyade shekarun motar da ake shigowa da ita, don haka magana da kwastam, a rubuce, ita ce farko, kafin a sayi motar ma. Kwastam na Amurka kuma suna son ganin ainihin takardar mallaka sa'a 72 kafin fitarwa. Notocinta na inci ne, sifanun milimita da ke hannun makanikanmu za su cinye musu kai, sai ka haɗa da akwatin sifanu. Gindinta dogo ne kuma tana ƙasa, tudun rage gudu zai riƙa dukan salansa. Ka sa lagireto mai kauri saboda zafin bazara, ka tara matatun iska saboda ƙurar hunturu, ka cika but da filogi, fanbel, famfon ruwa, famfon mai da kayan kafireto. Kwantena kuwa, mai ƙafa 20 cikinta mita 5.9 ne: de Ville ta 1970 za ta shiga da ƙyar, Fleetwood ta 1976 ba za ta shiga ba, sai mai ƙafa 40.